Sai an Kwana Biyu: Lissafin Gidanmu na 2023

Tun Baba yana da rai muke da wannan al'ada a gidanmu. Juma'ar ƙarshe ta watan Disamba, idan an sauko daga masallaci, kowa ya kwaso iyalinsa ya nufo Gwammaja, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a ci tuwo, sannan a ɗauko littafi. Baba ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, kuma yadda yake rufe lissafin shago haka yake rufe na gida: wa aka haifa, wa ya yi aure, wa ya kwanta asibiti, wa ya rasu, wa ke binmu bashi. Akwai wani layi na ƙarshe da ya fi daɗewa a kansa, wato sunayen dangin da shekara ta zagayo ba mu taka ƙofar gidansu ba. Yakan karanto su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗago ya dube mu ta saman tabarau, ba ya ƙara ko kalma.

Shekara shida ke nan da rasuwarsa. Littafin muna nan muna cika shi, amma layin ƙarshen nan mun daina ja. Mun buɗe zauren dangi a WhatsApp, kullum da asuba ana gaisawa, ana turo hoton jarirai da katin biki. Muka ɗauka ai ya wadatar.

Mu biyar Umma ta haifa. Yaya Babba shi ya gaji shagon atamfa. Mai bi masa mace ce, malamar firamare, har a gida Malama muke ce mata. Sai maza biyu, ɗaya ma'aikacin gwamnati, ɗaya direban adaidaita sahu. Sai Auta, wadda shekarar ta kama tana aji huɗu na karatun likita a Khartum. Ita kuwa Umma 'yar'uwa ɗaya ta rage mata a duniya, yayarta da muke kira Inna ta Damagaram. A ƙauye ɗaya aka haife su a ƙasar Daura, aure ya kai ɗaya Kano, ya kai ɗaya unguwar Birni a Damagaram. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce: Kazaure, Daura, ka ƙetare iyaka a Kongolam, ka bi ta Matamaye, in ka yi sammako a can za ka yi azahar. Duk da haka rabon Umma da ganin yayarta an shekara uku.

A makon farko na Janairu Inna ta kira ta wayar jikanta. Har gobe "yarinyar nan" take ce wa Umma, alhali Umma ta ba sittin baya. Ta ce, "Ke yarinyar nan, na ji an ce kuɗinku za su mutu. Ina da 'yan nairori a ɗaure. Ki sa yaran nan su kawo ki, ku karɓa ku canza min." Umma ta ce, "To Yaya, muna tafe." A ranar ta sa Yaya Babba ya zaɓo turmin atamfa mai ruwan ganye daga shago, ta ɗora shi a kan sif da niyyar tsaraba.

Lokacin kowa ya san halin da ake ciki. Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa 31 ga Janairu a matsayin ranar da tsofaffin za su daina aiki, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffi an kwashe, sababbi ba su fito ba. Mun kwana a layin banki. Mun bar wa mai POS dubu biyu don ya ba mu dubu goma daga cikin guminmu. A Kwari, masu sari daga ƙauyuka waɗanda ba su da asusun banki suka ɗauke ƙafa, waɗanda suka zo kuma sai a tura kuɗi su maƙale a hanya, an cire a can ba su shigo nan ba, mai kaya da mai saye su wuni suna kallon waya ɗaya. Direbobin tasha suka ce su sai kuɗi a hannu. Muka ce wa Umma ta yi haƙuri, sai an kwana biyu. Ga zaɓe kuma ranar 25 ga Fabrairu, ba lokacin kama hanya da tsohuwa ba ne.

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba. Gari ya yi ajiyar zuciya, mu ma muka yi, amma tamu da biyu ce. Yaya Babba da kansa ya kira Damagaram yana fara'a: "Inna, ki kwantar da hankalinki, kuɗinki ba su mutu ba, babu sauran gaggawa." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To, madalla." Yau in muka tuna shirun nan, babu mai iya duban ɗan'uwansa.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, muka ce sai bayan Sallah. Muna cikin goman ƙarshe, ranar Asabar 15 ga Afrilu, Auta ta turo saƙon murya da safe. Ba maganarta muka fara ji ba, ƙarar da ke bayanta muka ji. Faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a tsakiyar Khartum. Kwana goma sha ɗaya gidanmu ya koma wurin gadin waya. Wani lokaci a yi awa ashirin ba ta hau intanet ba, Umma tana kan sallaya, mu muna ta sake kunna tsohon saƙo don mu ji ko akwai abin da ya wuce mu. Ruwa ya yanke musu, burodi ya ƙare. Da harsashi ya fasa tagar ɗakin kwanansu, ita da ƙawayenta uku suka fito, wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a bakin titinsu ta ja su gidanta. Bahaushiya ce, ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa zai tafi Makka, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya zauna. Ta ce musu, "Ku 'ya'yan gida ne," ta raba musu abin da ya rage mata na gero.

Sallah ta zo ranar 21 ga Afrilu, babu wanda ya saka sabon ɗinki a cikinmu. Ranar 26 motocin farko na kwashe ɗalibai suka bar Khartum, Auta tana ciki. Suka yi kwanaki a iyakar Masar, rana ta dake su, dare ya yi musu sanyi, kafin a ba su hanya zuwa Aswan. Daren 3 ga Mayu jirginsu ya sauka a Abuja. Da ta shigo gida washegari da jaka ɗaya a kafaɗa, ta rame, ta yi duhu, Umma ba ta yi kuka ba. Hannunta ta kama tana ƙirga yatsun kamar ranar da aka haife ta.

Duk tsawon kwanakin nan Inna ba ta fasa kira ba, safe da yamma. Daga baya muka ji akuyarta ta sayar ta yi sadaka. Da Auta ta iso, ta ce, "Ku kawo min ita in gan ta da idona." Muka ce a bari ta ɗan murmure. Takardun karatunta na shekara huɗu suna can a wani ofishi da ba a san halin da yake ciki ba, muna ta faɗi-tashin neman inda za ta ƙarasa. Sai an kwana biyu, Inna.

Ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500, a Yuli ta wuce 600. Ma'aikacinmu ya lulluɓe motarsa da tamfol ya koma hawan haya, albashi kuwa yana nan inda yake. Mai adaidaita sahu ya fi kowa ji a jika. Fasinja sun koma takawa, shi kuma dole kullum ya kai wa mai mashin balas. Akwai ranar da ya wuni a titi ya dawo da naira 700, ya ajiye wa matarsa a kan tabarma ya shige ɗaki. A shago, dala ta yi ta hawa har ta wuce naira 1,000 a Wapa kafin shekara ta ƙare, dilar da aka sayar yau kuɗinta ba sa maido da irinta gobe. Babbar Sallah ta zo ranar 28 ga Yuni, gidan da aka saba yanka rago uku muka haɗa kuɗi muka yanka ɗaya. Umma ta soya kason Inna ta zuba a kwalla, ta ce wannan karon ba za ta ba direba ba, da hannunta za ta kai. Kunya ta kama mu, muka tsayar da rana: Asabar, 5 ga Agusta, in Malama ta sami hutu.

Ranar Laraba 26 ga Yuli sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai. Ranar Lahadi 30 ga wata ECOWAS ta zauna a Abuja ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Nijeriya ke ba Nijar, har ana maganar yaƙi. Kwana shida ya rage mana. Mun taso muna jin cewa Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a tsakiyar ƙasa ɗaya, amma layin bai taɓa tare mana hanya ba sai a wannan makon. Umma ta zauna da rediyo a cinya tana bin labarin malamai da sarakunan da ke kai-komo don a sasanta. Ta ce, "Yanzu in an yi yaƙin, ɗan wa zai harbi ɗan wa?" Naman da ke kwalla jikoki suka cinye.

Rufe iyakar ya taɓa mu ta wani gefen da ba mu zata ba. Inna tana da ciwon suga, kuma duk wata biyu mukan sayi maganinta a Kano mu ba wani direba da muka saba da shi. Wannan ne zumuncin da muka iya, muna ma alfahari da shi. Direba ya ajiye mota. Muka koma tura kuɗi ta hannun 'yan canji, naira kuma kullum ƙara faɗuwa take a gaban sefa, abin da ke sayen maganin wata biyu ya koma na mako uku. A shago ma, manyan masu sarinmu na Maraɗi da Damagaram suka daina zuwa, wasunsu da bashinmu a kansu, ba don sun ƙi biya ba.

A watan Satumba ciwo ya shigo cikin gida. 'Yar Malama mai shekara uku ta kwana biyu da zazzaɓi, ta ƙi abinci, muryarta ta dushe, wuyanta ya kumbura. Muka ce mura ce, wata maƙwabciya ta ce a kai ta a cire beli. Auta, wadda ta wuni huɗu ba ta fita daga ɗaki ba don takaicin karatunta, ta ɗauko cokali da fitilar waya ta ce a buɗe bakin yarinyar. Ta ga wata fata-fata mai ruwan toka ta shimfiɗu a maƙogwaro. Ta ce, "Yaya, ɗauko mayafinki. Mashaƙo ne. Kada kowa ya taɓa wurin nan." A shekarar Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu wannan cuta. Aka keɓe yarinyar, aka yi mata allurar da ke karya dafin ƙwayar cutar, aka ɗora ta a kan magani na mako biyu, mu da muka yi cuɗanya da ita aka ba mu namu. Likita ya ce ko bayan maƙogwaro ya washe sai an ci gaba da duba zuciyarta, domin dafin yakan koma can bayan makonni.

Da aka nemi katin rigakafinta ne Malama ta fashe da kuka. Allurar da ke kare yaro daga mashaƙo sau uku ake yi, a mako shida da goma da sha huɗu da haihuwa. Yarinyar an haife ta a 2020, ana tsakiyar kullen korona. An yi mata ta farko, aka ce sauran sai gari ya lafa. Gari ya lafa, aka manta. Malamar makaranta ce uwarta, ɗalibar likita ce ƙanwar uwarta, babu jahilci a cikin lamarin, "sai an kwana biyu" ce kawai. Allah ya tashi kafaɗar yarinyar. A ɗakin da ta kwanta, ba kowace uwa ce ta fita da nata a baya ba. Satin da aka sallame ta muka tattara duk yaran gidan, su tara, muka kai su aka duba katin kowa. Uku ba su cika ba.

Muna cikin murnar wannan, a tsakiyar Oktoba, wani dare bayan isha'i wayar Umma ta yi ƙara. Jikan Inna ne. Umma ta saurara, ta yi sallallami, ta ajiye wayar a hankali kamar mai gudun ta fashe. Kwana huɗu Inna ta yi a kwance, ta hana a gaya mana, wai muna da marar lafiya. Da safe aka kai ta makwancinta, muna nan Kano.

Umma ba ta yi mana faɗa ba. Da ta yi, da mun sami sauƙi. Kwana biyu tana karɓar gaisuwa, a na uku ta sauko da turmin atamfar nan daga kan sif, ta kaɗe ƙurar wata tara, ta ce, "Gobe zan tafi. Wanda zai raka ni ya raka ni." Muka fara kawo mata zancen iyaka da hawan jininta da ciwon gwiwa. Ta dube mu irin duban da Baba ke yi ta saman tabarau. Biyu daga cikinmu suka shirya.

Mota ta ajiye mu kafin Kongolam. Daga nan sai 'yan acaɓa, waɗanda suka san kowace burtali. An girbe gero, gonaki sun yi fili, sai kara a tsaye. Muka bi ta cikin yashi, Umma a bayan wani yaro da bai kai jikanta na fari ba, hannu ɗaya ta riƙe ƙarfen babur, ɗaya ta rungume leda. Sau biyu tana saukowa ta taka saboda yashi ya riƙe taya. Babu wanda ya iya nuna mana daidai inda Nijeriya ta ƙare Nijar ta fara. Wani manomi da ke ɗaurin dami ya yi mana sannu, muka tambaye shi, ya ce gonarsa ce dai duk biyun. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne sauƙin abin. Hanyar da muka ce ta rufe, mata masu goyo suna ta bi da ƙullin kayansu. Da magariba muka shiga Birni.

Bayan addu'ar bakwai, surukar Inna, wadda ta yi jinyarta, ta kira Umma ɗaki. Ta janyo wata kwalla daga ƙarƙashin gado, ta ciro ƙullin tsohon ɗankwali. Tsofaffin takardun naira ne, 'yan ɗari biyar da 'yan ɗari biyu, sun yi laushi, an jera su fuska ɗaya. Naira 23,000. Ta ce, "Inna ta ce kuɗin motarki ne. Tun kuna cewa mota ta yi tsada take ƙarawa a kai." Ta ce tun a watan Janairu wani ɗan canji a kasuwar Dole, abokin mijinta, ya ce a kawo ya canza mata a sefa, ba zai ci ko dala ba. Inna ta ƙi. Da aka matsa mata sai ta ce, "In na canza, da me zan kira su?"

A nan Umma ta yi kukan da ba ta yi ba tun daren rasuwar. Atamfar ta miƙa wa surukar. Ranar 29 ga Nuwamba Kotun Ƙoli ta sake zama ta ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, babu wa'adi. Kuɗin da muka yi ta fargabar mutuwarsu suna nan da ransu.

Juma'ar da ta wuce, 29 ga Disamba, muka hallara kamar kullum. Yaya Babba ya buɗe littafi. Haihuwa biyu, duka maza. Aure ɗaya, na ɗiyar kawunmu a Kazaure, mutum ɗaya muka tura ya wakilce mu. Shago bai ci uwar kuɗi ba, amma bai ba da riba ba, an sallami yaro ɗaya daga cikin uku. Mai adaidaita ya mayar da mashin ɗin mutane, yana koyon haɗa wutar sola. Ma'aikaci yana jiran ƙarin da aka yi alkawari. Auta ta sami wata jami'a da ta ce za ta karɓe ta, amma sai ta koma baya da aji ɗaya, ta ce ta yarda. 'Yar Malama ta koma makaranta, zuciyarta lafiya. Hawan jinin Umma an ƙara mata ƙwaya ɗaya. Rasuwa: Inna. Iyaka har ƙarshen 2023 a rufe take.

Zai rufe littafin, Umma ta ce, "Saura layi ɗaya." Ta sa aka kawo abin ja masa layi, ta fara kiran sunaye, shi yana rubutawa. Goma sha ɗaya. Babu iyaka tsakaninmu da ko ɗaya daga cikinsu. Ta farko Gwaggo ce, ƙanwar Baba, wadda ke zaune a gindin Dala, dutsen da muke hangowa daga inda muke zaune. Kullum da asuba tana amsa gaisuwarmu a WhatsApp ta bakin jikarta. Rabonmu da ɗakinta tun Sallar bara. Umma ta kwance ɗankwalin Inna ta ajiye kuɗin a tsakiyar shafin, ta ce duk wanda tafiyarsa ta zumunci ta tsaya don kuɗin mota ya zo ya ɗiba, in ya samu ya mayar. Mai adaidaita ya ce, "To Umma, Gwaggo sai mu sa rana." Ta ce, "An sa. Gobe da hantsi."

Da ƙafa muka tafi, mu biyar da Umma a gaba, ta lungunan da muka yi wasa muna yara. Muka yi sallama a zaure. Gwaggo ta leƙo da carbi a hannu, ta gan mu a jere, sai ta dafe ƙirji ta jingina da bango.

"Wa ya rasu?"

Muka ce, "Babu kowa, Gwaggo. Gaishe ki muka zo."

Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa da leɓe. Ba ta yarda ba sai da ta ga Umma ta cire takalmi ta nemi tabarma.